Yadda ake tafiyar da wakilan AI da yawa masu rubuta kod daga taminal ɗaya

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini a 'yan watannin nan daga masu rubuta manhaja a Zariya, musamman ɗaliban ilimin kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da matasan da ke karɓar aiki daga makarantu da shagunan Sabon Gari da Tudun Wada, ita ce ta yaya mutum zai sa wakilan ƙirƙirarriyar basira biyu ko uku su yi masa aiki a kan manhaja ɗaya a lokaci guda, ba tare da wannan ya rushe abin da wancan ya gina ba. Wakilan da ake nufi su ne irin su Claude Code na kamfanin Anthropic, da Codex na OpenAI, da Gemini CLI na Google, da Aider, waɗanda dukkansu a cikin taminal suke aiki, suna karanta fayilolinka, suna gyara su, suna kuma buga umarni da kansu.

Manhajar da zan yi bayani da ita ita ce Claude Squad, wadda take tara wakilai da yawa a taminal ɗaya, kowanne da foldar aikinsa. Na zaɓe ta domin kyauta ce, kod ɗinta a buɗe yake a GitHub, kuma duk da sunan da take ɗauke da shi tana riƙe sauran wakilan ma. Misalin da za mu riƙa komawa gare shi shi ne manhajar wata makarantar sakandare mai zaman kanta da ake so a ƙara mata abubuwa uku: biyan kuɗin makaranta ta Paystack, fitar da katin sakamako, da tura wa iyaye saƙon tes. Buɗe wakilai ba shi da wuya ko kaɗan, danna harafi ɗaya ne. Inda mutane ke shan wahala shi ne wajen rabon aikin tun kafin a fara, da wajen duba shi bayan an gama, saboda haka a waɗannan wurare biyu zan fi tsayawa.

1. Lissafa kayan aiki da kuɗin da za ka kashe

Ba ka buƙatar kwamfuta mai tsada, domin tunanin da wakili yake yi a sabar kamfanin da ya ƙera shi ake yinsa, ba a kan laftof ɗinka ba. Abin da zai matse ka shi ne RAM. Da 8GB za ka iya riƙe wakilai biyu cikin kwanciyar hankali, amma da zarar ka ƙara na uku, ga burauza a buɗe, ga kowane wakili yana tayar da manhajar domin gwaji, kwamfutar za ta fara nauyi. Wanda yake da 16GB ba zai ji wannan matsin ba.

Claude Squad da tmux (manhajar da ke riƙe zaman taminal da yawa a bayan fage) da Git (mai adana tarihin sauye-sauyen kod) ba a biyan ko sisi a kansu. Wakilan ne ake biya wa. Tsarin Claude Pro dala 20 ne a wata kuma Claude Code yana cikinsa, tsarin Max kuma yana da matakin dala 100 da na dala 200. ChatGPT Plus shi ma dala 20 ne a wata, kuma yana ba da damar amfani da Codex. Gemini CLI ya fito a watan Yunin 2025 da kaso na kyauta ga mai asusun Google, wanda hakan ya sa ɗalibai da yawa suka fara da shi. Akwai kuma hanyar makullin API, inda ake cajin mutum gwargwadon yawan rubutun da ya shiga da wanda ya fita. Da dala ake biyan duka waɗannan, saboda haka ka tabbatar katin bankinka yana biyan kuɗi a waje, ka kuma tambayi iyakar da bankin ya sa masa, sannan ka yi lissafinka da farashin canji na ranar.

Gargaɗi: biyan kuɗin wata ba ya nufin amfani marar iyaka. A tsarin Claude akwai kason da yake sabuntawa bayan awa biyar, akwai kuma iyakar mako, kuma duk wakilan da ka buɗe da asusu ɗaya daga kaso ɗaya suke ci. Wakilai uku za su cinye shi da wuri fiye da yadda ɗaya zai yi. Idan kuwa makullin API kake amfani da shi, ka shiga shafin asusunka ka sa iyakar kashe kuɗi ta wata tun kafin ka buɗe wakili na farko.

2. Shirya taminal

Mai Linux ko Mac ya riga ya yi rabin wannan matakin. Mai Windows, wanda shi ne mafi yawanmu, sai ya saka WSL, wato tsarin da ke tayar da Linux a cikin Windows, domin tmux ba ya tashi kai tsaye a kan Windows. Ka buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa, ka buga wannan, ka sake kunna kwamfutar, za ka sami Ubuntu:

`wsl --install`

A cikin Ubuntu ɗin ka saka kayan da ake buƙata, sannan ka haɗa kwamfutar da asusunka na GitHub:

`sudo apt update`
`sudo apt install git tmux gh`
`gh auth login`

Bayan nan ka saka Node.js mai lamba 20 ko sama da haka, wanda da shi za a saka wakilan, kuma ka saka shi ta hanyar nvm, manhajar da ke kula da saka Node.js, domin hakan zai raba ka da matsalar izini da ke tura mutane su riƙa buga `sudo npm install -g`, wanda ba a so.

Gargaɗi ga masu WSL: ka ajiye foldar aikinka a cikin gidan Ubuntu, misali `~/makaranta`, ba a ƙarƙashin `/mnt/c` ba. Idan aikin yana ɓangaren Windows, komai zai riƙa tafiyar hawainiya, daga Git har saka fakiti, kuma wakilai uku za su ninka wannan jinkirin. Ka kuma sani cewa WSL rabin RAM ɗin kwamfutar yake ɗauka idan ba a gaya masa wani abu daban ba, wato mai 8GB da 4GB kawai yake aiki a cikin Ubuntu. Ana ƙara wannan a fayil ɗin `.wslconfig` da ke foldar mai amfani ta Windows.

3. Saka wakilan, ka gwada kowanne shi kaɗai

`npm install -g @anthropic-ai/claude-code`
`npm install -g @openai/codex`
`npm install -g @google/gemini-cli`

Ba dole ba ne ka saka duka, wanda za ka yi amfani da shi ya isa. Ka shiga foldar aikin, ka buga `claude` ko `codex` ko `gemini`, ka shigar da asusunka, ka ba shi ƙaramin aiki kamar ya bayyana maka tsarin manhajar, ka ga ya amsa, sannan ka fita. Kada ka tsallake wannan. Wakilin da bai gama shiga asusu ba, idan aka buɗe shi daga cikin Claude Squad, zai tsaya yana jiran a danna masa adireshin shiga, kai kuma kana zaton aiki yake yi.

4. Gyara ma'ajiyar kod, ka rubuta wa wakilan ƙa'idoji

Dabarar da Claude Squad ta dogara da ita ita ce `git worktree`, wanda yake cikin Git tun fitowar 2.5 a shekarar 2015. Abin da yake yi shi ne ya ba kowane reshe (branch, wato layin aiki na daban a cikin Git) folda tasa daban, alhali dukkan foldojin suna rataye da ma'ajiya ɗaya. Idan ba a yi haka ba, aka buɗe wakilai uku a folda ɗaya, tamkar an ba teloli uku shadda ɗaya ne kowa ya yanka rigarsa a lokaci guda. Tun da a kan Git komai ya ginu, dole aikinka ya zama ma'ajiyar Git mai aƙalla ajiya ɗaya a cikinta. Ka buga `git status`, idan akwai sauyin da ba ka ajiye ba ka ajiye shi da `git commit`, domin kowane sabon wakili daga ajiya ta ƙarshe zai fara, kuma abin da ba a ajiye ba ba zai gan shi ba.

Sai fayil ɗin ƙa'idoji. Claude Code yana karanta `CLAUDE.md` duk lokacin da ya tashi, Codex yana karanta `AGENTS.md`, Gemini CLI kuma `GEMINI.md`. A Claude Code umarnin `/init` zai rubuta maka daftarin farko, amma kada ka bar shi yadda ya fito. Ka ƙara da hannunka abubuwan da wakili ba zai gane daga kod ba: umarnin da ake gudanar da gwaje-gwaje da shi, cewa zango uku ne a shekarar karatu, cewa ana ajiye kuɗi a rumbun bayanai da kwabo ba da naira ba tun da Paystack da kwabo yake karɓar adadi, cewa lambobin waya su fara da 234, da kuma jerin fayilolin da ba a yarda kowa ya taɓa ba sai da izininka. Ka sa a ciki cewa wakili ya yi `git commit` bayan kowane ƙaramin mataki da ya kammala. Wannan layin guda zai cece ka ranar da aka ɗauke wuta. Ka taƙaita fayil ɗin, domin duk wakilin da ya tashi sai ya karanta shi, kuma daga kasonka ake cire kuɗin karatun. Ka ajiye shi a Git kafin ka wuce gaba, in ba haka ba ba zai shiga foldojin wakilan ba.

5. Raba aikin a takarda kafin ka buɗe komai

Wannan matakin babu umarnin da ake bugawa a cikinsa, shi ya sa ake yawan tsallake shi, kuma daga tsallake shi mafi yawan rikici yake fitowa. Ka ɗauki takarda ka rubuta ayyukan, a gaban kowanne ka rubuta fayiloli da teburan rumbun bayanan da zai taɓa. Duk ayyuka biyun da suka haɗu a kan fayil ɗaya mai muhimmanci, ba ayyuka biyu ba ne da za a yi tare, aiki ɗaya ne da za a yi bi da bi.

A misalin makarantarmu, katin sakamako da biyan kuɗi ba su da wata alaƙa sosai, kowanne yana da shafinsa da teburinsa, saboda haka za su iya tafiya tare. Saƙon tes kuwa yana da wayo. Idan saƙon da za a tura wa iyaye shi ne na tabbatar da an biya kuɗi, to ya dogara da aikin biyan kuɗi, kuma wakilin da aka ba shi zai ƙirƙiro nasa hasashen yadda teburin biyan kuɗi zai kasance, wanda da wuya ya dace da abin da ɗan'uwansa yake ginawa a ɗaya foldar. Mafita ita ce ko dai a jinkirta shi, ko a taƙaita shi zuwa gina hanyar tura saƙo kawai, a bar haɗa ta da biyan kuɗi sai an gama wancan.

Akwai wurare uku da kusan kowane aiki yake bi ta kansu: fayil ɗin jerin fakiti kamar `package.json` ko `requirements.txt`, fayilolin sauya tsarin rumbun bayanai, da fayil ɗin da ke jera hanyoyin shafuka. A ganina gara ka yi waɗannan da kanka, ko da wakili ɗaya, a kan babban reshe tun kafin rabo: ka saka fakitin da ka san za a buƙata, ka ƙirƙiri teburan, ka ajiye, sannan ka raba sauran.

Gargaɗi: ka fara da wakilai biyu. Yawan wakilan da ya dace da kai shi ne yawan aikin da za ka iya karantawa layi bayan layi a ranar, ba yawan da kwamfutarka za ta iya ɗauka ba.

6. Saka Claude Squad, ka buɗe zama na farko

Mai Mac yana iya saka ta da `brew install claude-squad`. Mai Ubuntu zai sami layin sakawa a shafin manhajar a GitHub, ƙarƙashin `smtg-ai/claude-squad`, kuma yana da kyau ya buɗe rubutun ya karanta abin da zai yi kafin ya gudanar da shi, kamar yadda ya kamata a yi wa duk wani rubutu da aka kwaso daga intanet. Gajeren sunan da ake kiran manhajar da shi shi ne `cs`. Ka shiga foldar aikin ka buga shi:

`cd ~/makaranta`
`cs`

Allon zai rabu biyu, jerin zama a hagu, abin da wakilin da ka zaɓa yake yi a dama, jerin maɓallan kuma a ƙasa. Ƙaramin `n` yana buɗe sabon zama, babban `N` yana buɗe zama tare da ba ka wurin rubuta umarnin farko. Ka ba zaman suna gajere mai ma'ana, kamar `biyan-kudi` ko `katin-sakamako`, domin daga sunan ake samar da sunan reshe. Manhajar za ta ƙirƙiri reshen, ta buɗe masa folda a ƙarƙashin `~/.claude-squad`, ta tayar da wakilin a cikin zaman tmux nasa. Claude Code take buɗewa idan ba a ce mata komai ba. Idan wani kake so, sai ka tayar da ita da `cs -p "codex"` ko `cs -p "gemini"`.

Umarnin farko ya ƙunshi abin da za a yi, inda za a yi shi, abin da ba za a taɓa ba, da alamar an gama. Misali: a gina shafin da zai fitar da katin sakamakon ɗalibi na zango ɗaya a matsayin PDF, a yi aiki a cikin foldar sakamako kawai, kada a sauya tsarin rumbun bayanai, a rubuta gwaji ga lissafin matsakaici da na matsayi a aji, kuma a kawo tsarin aiki a jira amincewa kafin a fara rubuta kod. A Claude Code, danna Shift da Tab yana sauya yanayin aiki, sai ka ci gaba da dannawa har ka kai yanayin tsarawa, inda wakili zai yi nazari ya kawo shawara ba tare da ya sauya fayil ba.

Gargaɗi: Enter yana shigar da kai cikin zaman, Ctrl da q kuma shi ne yake fitar da kai ya bar wakilin yana aiki. Kada ka fita da Ctrl da c ko da rubuta `exit`, domin wannan wakilin kansa zai katse ko ya rufe.

7. Cike abin da sabuwar folda ba ta zo da shi ba

Sabuwar foldar tana ɗauke ne da abin da Git ya sani kawai. Fayil ɗin `.env`, da foldar `node_modules`, da keɓaɓɓen muhallin Python, duk ba za su biyo ta ba, tun da an saba cire su daga Git. Idan ba ka kula ba, wakilin zai yi ƙoƙarin tayar da manhajar ta ƙi tashi, sai ya shiga gyara abin da bai lalace ba. Ka buga `git worktree list` domin ganin inda kowace folda take, ka kwafa mata `.env` na gwaji, ka sa a saka fakiti a cikinta.

A nan ne data take ƙarewa. Hirar da wakili yake yi da sabarsa rubutu ne, ba ta cin data sosai, amma sauke fakiti sau uku yana ci. Mai amfani da pnpm, wato madadin npm wajen saka fakiti, ya huta, domin yana ajiye fakiti a wuri ɗaya ne ya rarraba wa foldoji. Mai npm ya yi amfani da `npm ci --prefer-offline` domin a fara duba abin da aka riga aka sauke.

Sai batun ƙofa da rumbun bayanai. Ƙofa (port) ita ce lambar da ake isa ga manhajar ta kanta idan ta tashi. Manhajoji biyu ba za su saurara a ƙofa ɗaya ba, saboda haka idan na farko yana kan 3000, ka ba na biyu 3001, na uku 3002, ka rubuta hakan a `.env` na kowanne. Rumbun bayanai ya fi wannan haɗari, domin ba ya kuka, shiru yake lalacewa: foldoji sun rabu amma duk suna nuni ga rumbu ɗaya, sai wannan wakili ya sauya teburi ko ya goge bayanan gwaji, gwajin wancan ya fara faɗuwa ba gaira ba dalili. Ka ba kowane zama rumbunsa, ko fayil ɗin SQLite daban, ko suna daban a PostgreSQL ko MySQL.

Gargaɗi mai girma: duk abin da wakili ya karanta yana tafiya sabar kamfaninsa. Kada ka sa makullin Paystack na gaske, wanda yake farawa da `sk_live_`, a inda zai gani. Ka ba shi na gwaji mai farawa da `sk_test_`. Haka nan kada ka zuba sunayen ɗaliban makarantar na gaske da lambobin iyayensu a rumbun gwaji. Amana ce aka ba ka, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanan. Ka sa wakilin ya ƙirƙiro sunayen bogi ya yi aiki da su.

8. Zagayawa tsakanin wakilan

Da kibiyar sama da ta ƙasa ake zagaya jerin, Tab kuma yana sauya ɓangaren dama tsakanin abin da wakili yake faɗa da jerin sauye-sauyen da ya yi a kod. Na biyun ya fi gaskiya. Wakili yana iya rubuta cewa ya gama komai lafiya, jerin sauye-sauyen kuma ya nuna ya shiga fayil ɗin da aka hana shi, ko ya sassauta gwaji domin ya wuce. Da zarar ka ga ya kauce, ka shiga zaman, ka danna Esc ka tsayar da shi, ka gyara masa hanya tun bai yi nisa ba.

Mafi yawan lokacin da wakili ya tsaya, izini yake jira kafin ya buga wani umarni. Wannan yana gundurar mutum idan wakilan sun kai uku, shi ya sa wasu suke tayar da manhajar da `cs -y` domin ta riƙa amincewa da kanta, ko su ba Claude Code `--dangerously-skip-permissions`. Ban ba da shawarar ko ɗaya ba a kan laftof ɗin da ke ɗauke da aikinka na kammala karatu da makullan abokan cinikinka. Rabuwar folda tana kare kod daga cin karo ne kawai, ba ta hana wakili isa sauran kwamfutar ba. Hanya mafi kyau ita ce ka buɗe `/permissions` a Claude Code, ka ba da izini na dindindin ga umarnin da ba su da haɗari kamar gudanar da gwaji da `git status`, ka hana karanta fayilolin sirri, ka bar gogewa da turawa GitHub su ci gaba da neman amincewarka. Wanda yake son sakin wakili gaba ɗaya, ya yi hakan a cikin Docker, wanda ke killace shi daga sauran kwamfutar, ko a wata saba da babu abin asara a kanta.

Idan hira ta yi tsawo wakili yakan fara manta ƙa'idojin farko, kuma kowace amsa tana ƙara cin kaso. Umarnin `/compact` yana taƙaita hirar, `/clear` kuma yana share ta. Sabon aiki ya fi dacewa da sabon zama.

9. Duba aikin, ka haɗe ɗaya bayan ɗaya

Idan wakili ya ce ya gama, ka danna `c` a kan zamansa. Wannan yana ajiye sauye-sauyen, ya dakatar da zaman, ya saki reshen. Sakin yana da muhimmanci domin Git ba ya yarda a buɗe reshe ɗaya a foldoji biyu a lokaci guda, kuma wannan ne dalilin ƙin da mutane suke gamuwa da shi idan suka yi ƙoƙarin shiga reshen wakili daga babbar folda yana tsakiyar aiki. Idan ka ga akwai sauran gyara, `r` yana dawo da zaman.

A babbar foldar, ka ga sunan reshen da `git branch`, sannan ka karanta bambancinsa da babban reshe:

`git diff main...sunan-reshe`

Ka karanta da gaske, ba ka zura ido ka wuce ba. Ka duba ko an ƙara fakitin da ba ka nema ba, ko an goge wani gwaji, ko an rubuta makulli a cikin kod. A aikin biyan kuɗi ka tabbatar manhajar tana tambayar Paystack daga ɓangaren saba cewa kuɗin ya shiga kuma adadin ya cika, ba ta dogara da abin da burauzar mai biya ta faɗa ba. A katin sakamako ka gwada ɗalibai biyu masu maki ɗaya ka ga matsayin da aka ba su, ka gwada ɗalibin da bai rubuta wata jarrabawa ba. Irin waɗannan ne shugaban makaranta zai kira ka a kansu ranar rabon kati. Ka gudanar da gwaje-gwajen da hannunka, ka tayar da manhajar ka danna ta kamar mai amfani.

Idan ka gamsu, ka koma babban reshe ka haɗe:

`git checkout main`
`git merge sunan-reshe`

Ka sake gudanar da gwaji bayan haɗewar. Sannan, kafin ka taɓa reshe na biyu, ka shiga zaman wakilinsa ka ce ya jawo sabon `main` cikin reshensa, ya warware duk inda aka ci karo, ya sake gwaji. Wannan ba ya buƙatar intanet ta ɓangaren Git, tun da ma'ajiya ɗaya suke rabawa. Ka fara haɗe aikin da wasu suka dogara da shi, ko wanda ya fi taɓa fayiloli da yawa, ƙananan su biyo baya.

Gargaɗi: idan cin karon ya shafi lissafin kuɗi ko na maki, kada ka bar wa wakili hukunci shi kaɗai. Yakan zaɓi ɓangarensa ya zubar da na ɗan'uwansa domin kawai gwaji ya wuce. Ka buɗe wurin ka gani da idonka.

10. Idan an ɗauke wuta ko intanet ya yanke

Rufe tagar taminal a Linux ko Mac ba ya kashe wakilan, domin tmux yana riƙe da su a bayan fage, kuma `tmux ls` zai nuna maka su. Amma tmux ba ya tsira daga mutuwar kwamfuta. Idan batir ya ƙare ko aka kashe ta, zaman duk sun tafi, sai dai fayilolin da rassan suna nan a kan faifai. Ka nemo foldar da `git worktree list`, ka shiga, ka duba `git status` ka ga inda aka tsaya, sannan ka buga `claude --continue` domin ya ɗora daga hirarsa ta ƙarshe a wannan foldar. Rufe murfin laftof ma yana sa ta barci, wakilan su tsaya, saboda haka ka gyara wannan a saitin wuta idan za ka tashi ka bar su.

Ga wanda wutar unguwarsu ba ta da tabbas kuma ba shi da inbata ko sola, hanyar da ta fi dacewa ita ce ya kama hayar ƙaramar saba a intanet mai aƙalla 4GB na RAM, ya saka komai a can, ya riƙa shiga ta SSH, wato hanyar buɗe taminal ɗin sabar daga nesa. Kuɗinta yana farawa daga 'yan daloli a wata zuwa sama da dala 20, gwargwadon kamfani. Amfaninta shi ne wakilan suna ci gaba da aiki ko laftof ɗinka ta mutu, kuma kana iya leƙa su daga wayar Android ta manhajar Termux kana cikin motar Samaru zuwa Kongo. Idan layinka yana yawan yankewa, mosh ya fi SSH haƙuri da hakan. Ka rufe shiga da kalmar sirri a sabar, ka bar shiga da makulli kawai.

11. Share abin da aka gama da shi

Babban `D` yana goge zama, kuma gogewar tana tafiya da foldarsa. Kada ka danna shi sai ka tabbatar aikin ya shiga `main` ko ka tura reshen GitHub, kuma `git branch --merged` zai nuna maka rassan da aka riga aka haɗe. Idan ka bar tsofaffin zama suka taru, kowanne da `node_modules` nasa, faifan laftof zai cika ba ka sani ba. Idan kuma ka goge wata folda da hannu, ka bi ta da `git worktree prune` domin Git ya daina lissafa ta.

Wanda Claude Squad ta ƙi saka masa, ko yake son ya riƙe komai da hannunsa, yana iya yin aikin da Git da tmux kaɗai:

`git worktree add ../makaranta-biya -b biyan-kudi`
`tmux new -s biya`
`cd ../makaranta-biya`
`claude`

Ctrl da b sannan d yana fitar da kai daga zaman, `tmux attach -t biya` yana mayar da kai, Ctrl da b sannan w kuma yana jera maka duk zaman domin ka zaɓa. Idan an gama kuma an haɗe reshen, sai ka koma babbar folda ka buga `git worktree remove ../makaranta-biya`, sannan `git branch -d biyan-kudi`. Ƙaramin `-d` zai ƙi goge reshen da ba a haɗe ba, saboda haka shi za ka riƙa amfani da shi, ba babban `-D` ba.